Neman suna: me za mu kira ƙarfen da ke riƙe da ƙafar bayan babur?

Jama'a, kalma guda nake nema, kuma na zo da tawa shawarar a hannu. Ku auna ta, in ba ta yi ba ku kawo wadda ta fi ta.

Ranar Asabar na kwance bayan babur ɗina a tsakar gida don in sa giris. Ƙanena yana gefe yana miƙo mini sifana. Da na zare ƙarfen nan mai rassa biyu na jingina shi da bango, sai ya ce, "Yaya, wannan me sunansa?" Na duba bakina ban tarar da komai ba sai swingarm. Na faɗa masa, ya maimaita, amma na ga sunan bai nuna masa komai ba. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Ga wanda bai taɓa leƙawa ba: tsuguna a bayan babur. Za ka ga ƙarfe biyu sun taso daga bayan inji, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, sun sa ƙafar baya a tsakiya. Ta gaba sun haɗe wuri guda, kuma wata doguwar sanda ta ratsa su ta ratsa jikin babur. A kan wannan sanda suke hawa da sauka idan ka faɗa rami, shokoziba kuma tana danne su. An sa sandar kusa da ƙaramin haƙorin da ke jan sarƙa don kada sarƙar ta riƙa ɗamewa da saki fiye da kima yayin da ƙafar ke motsi. Nauyinka, da na wanda ka goya, da buhun masara, da jan inji, duk ta nan suke bi.

Shawarar farko da kowa ke kawowa ita ce "hannun lilo". Fassara ce kai tsaye, kuma Faransanci ma haka ya yi, bras oscillant, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke gani a takardun kayan gyara. Ni ban yarda da ita ba, saboda dalili biyu. A jikin babur, hannu ya riga ya sami masu shi: hannun birki, hannun kuloci. Ka ce wa yaron shago ya duba hannu, gaban babur zai nufa. Na biyu ya fi damuna. Lilo abu ne da ke reto yadda ya ga dama. Wannan ƙarfe kuwa hanya ɗaya tak aka yarje masa, sama da ƙasa. Ranar da ya fara reto zuwa gefe, ranar ce ciwo ya kama shi. Ba na son sunan da zai sa mai babur ya ɗauka girgiɗi ɗabi'ar abin ce.

Wani dattijon makanike da na tuntuɓa ya ce shi "cinya" zai kira ta, tunda taya da wili ƙafa muke ce musu. Wannan ta burge ni ƙwarai, don daga cikin harshen ta fito, ba a ɗauko ta daga waje ba. Inda ta gaza shi ne cinya biyu ce, kowace da kanta, alhali ƙarfen guda ne, kuma wurin da rassan suka haɗe nan ne duk aikin yake.

Tawa shawarar: gwafa. Gwafar baya.

Kowa ya san gwafa, icen nan mai gindi ɗaya da rassa biyu da ake tokare rumfa da shi. Wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiyar makiyaya a arewacin Nijar ya ga ainihin hoton da nake nufi: gwafa a kafe, an sa abin jan guga tsakanin rassanta, an ratsa da sanda, yana juyawa. Kwantar da wannan gwafar, ka mayar da abin jan gugar taya, ka sami bayan babur. Ban ƙirƙiri komai ba, kamar da ke tsakaninsu ce ta kawo sunan.

Kuma ba mu kaɗai muka ga haka ba. Turawan Ingila da kansu swinging fork suka fara ce mata, Italiyawa kuma har yau forcellone suke cewa, wato ƙatuwar gwafa. Za a ce mini ai akwai babura masu reshe ɗaya, irin BMW R80 G/S da ya fito a 1980. Gaskiya ne, a nan cinyar dattijo ta fi dacewa. Amma sau nawa ka ga irinsa a bakin kasuwa? In ya zo, gwafa mai reshe ɗaya ce, magana ta ƙare.

Abin da ya ƙara ja na ga gwafa shi ne tana haihuwa. Da ka karɓe ta, sauran sunayen suna biyo ta da kansu: rassan gwafa, gindin gwafa inda suka haɗe, sandar gindi da ta ratsa. Ka ce wa mutum "gindin gwafarka na girgiɗi", ko bai taɓa riƙe sifana ba ya san inda zai duba.

Ga yadda ake dubawar. Ɗaga babur har ƙafar baya ta bar ƙasa, wani ya riƙe maka shi. Kama ƙarshen rassan, ba tayar ba, ka tura dama ka ja hagu. In ka kama taya, boris ɗin wili, wato ƙwallayen ƙarfen da wili ke juyawa a kansu, zai iya ruɗa ka. Kada ka ji komai na motsi. In ka ji ƙwas-ƙwas ko ka ga gindin na matsawa, abin da ke ciki ya cinye. A kan hanya alamarsa ita ce bayan babur ya riƙa kaɗa wutsiya a kwana, sarƙa ta riƙa cin gefe guda. Mutane nawa suka canza taya, suka canza shokoziba, suka canza sarƙa, ciwon yana nan? Wurin da ba shi da suna ba a kai ƙararsa wajen makanike.

Yanzu abin da ke cikin gindin, inda na fi son mu natsu.

Boris ba ya bukatar sabon suna. Daga ball race ya shigo, ya zauna, ya zama ɗan gida kamar sitiyari da birki. Wanda ya ce a kore shi yana neman wahala ne kawai. Matsalar ita ce muna kiran duk abin da ke gindin gwafa boris, ko kuma mu kira shi duka bush, alhali iri biyu ne da ba sa cin abinci ɗaya.

Yawancin ƙananan baburan da ke cika titunanmu, jikokin Honda CG125 da aka fara yi a 1975 don ƙasashen da babur ke shan wuya ba tare da kulawa ba, bush ne a gindinsu. Da yawa roba ce da aka manne tsakanin bututun ƙarfe biyu. Ba ta juyawa, murɗewa take yi ta dawo. Irin wannan ba ta son giris, man da aka samo daga fetur yana kumbura roba ya lalata ta. In ta tsage, canzawa ake yi. Kuma a ƙarasa ɗaure sandar bayan an sauke babur ya tsaya da nauyinsa, don kada robar ta zauna a murɗe tun kafin a hau. A ce mata bush na roba, a faɗi robar a fili, don mai jin sunan ya ajiye gwangwanin giris.

Manyan babura da na tseren daji, irin su Yamaha YZ da Honda CRF450R, nasu daban ne, kuma irinsa ne a nawa. Babu ƙwallaye a ciki, sai siraran sandunan ƙarfe jere a cikin kwanso. Na ce a kira shi boris mai allura, na wili kuma boris mai ƙwallo. Na yi tunanin "mai tsinke", amma tsinke abu ne mai karyewa, allura kuwa ƙarfe ce mai santsi, kuma santsin nan shi ake dubawa.

Mai allura shi ne mayen giris. Da na buɗe nawa, ɓangaren hagu ya bushe ƙamas, giris ɗin ya koma jar ƙasa saboda tsatsa. Ruwan damina ne, da injin feshin masu wankin babur da ke cusa ruwa ta bayan robar da ke tare ƙura. Na shimfiɗa farin ƙyalle kafin in taɓa komai, don a wasu irin alluran sake suke, giris ne kawai ke riƙe da su, kuma in ɗaya ta faɗa cikin yashi sai dai haƙuri. Na dama na ƙirga su, na wanke da kananzir, na bari suka bushe, na cika da giris mai jure ruwa, na mayar da adadin da na ƙirga. Na hagu bai cetu ba, alluran sun yi ƙuraje. Tunda ɗaya ya tafi, daga baya na canza duka biyun.

Wajen sa sabo, don Allah a ajiye guduma. Kwanson siriri ne, bugu ɗaya ya lanƙwasa shi. Dogon bol da noti da manyan washa biyu sun isa: ka ratsa, ka riƙa ɗaurewa a hankali, boris na shiga a miƙe. A tura ta gefen da aka buga rubutu. In ya kwana a firiza ya fi saurin shiga, don sanyi na ɗan tsuke ƙarfe. A auna zurfin tsohon kafin a fitar da shi, a bar wa robar ƙura wurinta. Sandar gindi ma a shafa mata giris kaɗan, don wanda ya taɓa fama da sandar da tsatsa ta kama ya san yini guda take ci. Ƙarfin ɗaurinta kuma yana cikin littafin babur, ba a kintata.

Abu ɗaya ya rage da ban gama yanke masa suna ba. Tsakanin allurai da sandar gindi akwai wani bututun ƙarfe mai sheƙi, a kansa alluran ke birgima, kuma in ya yi zane ko tsatsa sabon boris ba zai daɗe ba. Na fi karkata ga kube, kuben sanda, tunda sandar na shiga cikinsa kamar yadda takobi ke shiga nasa. Ƙanena ya ce bututu ya fi sauƙi. Masu gyaran babur na Kano da Zariya, da na Maraɗi da Damagaram, in kuna da sunan da kuka riga kuke kiransa da shi a bakin aiki, ku faɗo shi, naku za mu ɗauka.