Laftof ɗina in ta yi barci ba ta tashi, in kuma na sa ta a jaka sai ta yi zafi

Ɗan_Kawo ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar gida, dan Allah masu ilimin kwamfuta a taimaka min. Laftof ce na saya 'yar Beljiyam, Windows 11 ce a kai, da farko lafiya lau amma kusan sati uku kenan ta ɗauko wani hali. In na rufe murfin na sa ta a jaka na hau keke daga Kawo zuwa Barnawa, kafin in sauka jakar ta yi zafi kamar na ɗauko dafaffen dankali, fanka na ta ihu a ciki, cajin da na kwana ina jiran a kawo wuta in yi duk ya tsiyaye. Wani lokacin kuma akasin haka ne, in na buɗe sai sikirin ya tsaya baƙi ƙirin, 'yar fitilar nan tana kunne amma ko me na danna shiru, sai na danne maɓallin kunnawa ta mutu sannan in sake tayarwa. Sau biyu ta nuno min shuɗin sikirin da rubutu DRIVER_POWER_STATE_FAILURE. Wani abokina ya ce in leƙa Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, na leƙa na ga jan rubutu jere, Kernel-Power 41, an sa masa Critical, wlh gabana ya faɗi. Furojet ɗina na ciki fa. Bod ɗin, wato babban allon cikinta, shi ne ya tafi?

Abu_Rigasa ya rubuta:

Hhhh malam ko dai a Kasuwar Barci ka sayo ta ne? Toh ai sunanta ta bi. Ni dai shawarata ka daina rufe murfi, ka kashe ta gaba ɗaya, shikenan magana ta ƙare.

Injiniya_TW ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanina. Da farko kwantar da hankalinka a kan 41 ɗin nan, kullum sai an shigo min shago da ita ido ya raina fata. Ba ita ce cutar ba. Abin da kawai take faɗa shi ne kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba, kuma kai da hannunka kake jawo ta duk sanda ka danne maɓallin nan. Ko batir ya ƙare bagatatan, ko a ɗauke wuta kana kan destof, duk 41 za ta rubuta. Ka ƙirga su, za ka ga sun yi daidai da ranakun da ka kashe ta da ƙarfi ko ta mutu bagatatan, har da na shuɗin sikirin.

Wanda ya fi ba mu labari shi ne shuɗin sikirin ɗin. Lambarsa 0x9F, ma'anarsa an ce wa kowa ya kwanta ko ya tashi, sai wani direba, wato 'yar manhajar da ke sarrafa wani sashe na kwamfutar, ya ƙi amsawa a kan lokaci, Windows ta jira ta gaji ta faɗi. A abin da nake gani a hannu, yawanci direban wayfai ne ko na sikirin, musamman waɗannan da aka yi musu fomat a kasuwa aka zuba musu direbobi da irin manhajar nan mai haɗa komai a wuri ɗaya. Ka juya bayan laftof ɗin ka karanta lambar samfurinta, ka je shafin kamfanin da ya ƙera ta ka sauke na wayfai da na girafik da na cifset daga can. Sabunta BIOS, manhajar da ke cikin bod mai tayar da kwamfuta, shi ma yana gyara irin wannan amma kar ka taɓa shi da wutar gari wadda ba ta da alƙawari, in ta ɗauke a tsakiya kuma batirinka ba shi da ƙarfi, a nan ne za ka san mene ne mutuwar bod ta gaskiya. Ka samu inda ke da sola.

Maganar zafi a jaka kuwa daban ce. Ka nemo cmd, tagar da ake rubuta wa Windows umarni, ka buɗe shi da Run as administrator, ka rubuta powercfg /a. In ka ga S3, wannan tsohon barcin ne, komai ya tsaya sai RAM, ma'ajiyar aikin da ke buɗe, kaɗai ake ba wa 'yar wuta. In ka ga S0 Low Power Idle, shi ne ake kira Modern Standby, barcin zomo ne ido biyu, kamar wayarka, sikirin a kashe amma tana iya taɓa intanet, kuma abu kaɗan ke hana ta nutsuwa. Daga nan ka rubuta powercfg /requests ka ga ko akwai manhajar da ta riƙe ta, sai powercfg /sleepstudy wanda zai fitar maka da rahoton wa ya sha cajin tana kwance. Ka kawo mana abin da ka gani.

Af, in sikirin ya yi baƙi, kafin ka danne maɓalli ka gwada Windows da Ctrl da Shift da B a tare, yana farkar da direban sikirin. Wani sa'in ya yi, wani sa'in a'a.

Maman_Ilham ta rubuta:

Injiniya ya gama magana, ni dai ga nawa na 'yan taifin. Abu_Rigasa kashewa gaba ɗaya ba na kowa ba ne, wanda ya buɗe fayil goma da shafukan burawza ashirin ka ce kullum ya rufe ya sake buɗewa? Ni haibanet nake sawa. Bambancinsu shi ne silif yana ajiye aikinka a RAM, in caji ya ƙare ƙaf ya tafi da shi, shi kuwa haibanet yana kwashe komai ya rubuta a hadis (hard disk) a wani fayil hiberfil.sys sannan ta mutu murus, ko kwana uku ba wuta ka dawo ka tarar da aikinka inda ka bari. Ka shiga Control Panel, Power Options, Choose what closing the lid does, ka mai da shi Hibernate. In ba ka gan shi ba ka rubuta powercfg /h on tukuna. Zai ci maka 'yan gigabait a hadis, tashinta kuma zai ɗan fi jinkiri, iyakar abin kenan.

Sannan ɗana, furojet ɗin nan yau ɗin nan ka kwafe shi a filash ko ka tura wa kanka ta imel, kar ka jira gyara. Kuma kana amfani da maus mara waya? Ni nawa ne ya dinga tayar min da ita a jaka, duk ramin da keke ya faɗa sai ya motsa.

Injiniya_TW ya rubuta:

Gaskiyar Hajiya. Amma a lura, in direban ne ke da matsala haibanet ma zai iya kawo 0x9F ɗin, don shi ma sai an sallami direbobi kafin ta mutu. A yi duka biyun. Kuma ka cire alamar Fast Startup a wannan shafin da ta nuna maka, don in yana kunne Shut down ba cikakkiyar kashewa ba ce, rabin haibanet ne, sai Restart ne ke wanke komai.

Ɗan_Kawo ya rubuta:

Ngd sosai Allah ya saka da alheri. Na gwada, S0 Low Power Idle ta nuna min, S3 kuma ta ce babu. Mama wlh kin canka, ɗan kan maus ɗin yana maƙale a jiki tun ranar da na saya ban taɓa cirewa ba, shi ma maus ɗin ban san yana da makunni a ƙasa ba sai yau. Na mai da murfin haibanet, na je Barnawa na dawo jaka da sanyinta. Furojet ya shiga filash. Direban wayfai na sauke na sa, na girafik ɗin ne nauyinsa ya fi ƙarfin datata sai na yi sabon sub. Injiniya wannan rahoton sleepstudy ɗin ya fito amma layuka ne kore da ja rututu, ja ɗin zan ɗauko maka hoto ko duka?