Don Allah a taimaka: faifaina na ajiya ya ƙi buɗuwa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da ɗan shagon buga takardu kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram. Tun 2013 na kulle wani faifan ajiya da TrueCrypt, wata manhajar kwamfuta mai kulle bayanai da kalmar sirri, a ciki akwai hotunan takardun gonar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da na gidanmu na Birni. Da aka daina kula da TrueCrypt a 2014 sai na koma wata manhajar irinta mai suna VeraCrypt, ita ma kyauta ce, kuma tana buɗe shi lafiya lau.

Shekaranjiya na sabunta ta ba tare da na kwafe komai ba, laifina ne. Yanzu ɗan akwatin nan na TrueCrypt da nake dannawa kafin in sa kalmar sirri ya ɓace. Daga baya na gane tun fitowar VeraCrypt mai lamba 1.26.7 ta 2023 aka cire shi.

Kalmar sirrina na nan a kaina, ban manta ko harafi ɗaya ba. In na mayar da tsohuwar fitowar, 1.25.9, faifan zai buɗe ba tare da komai ya lalace ba? Kuma yaya zan juya shi zuwa tsarin VeraCrypt? Yayana na jiran takardun nan ranar Alhamis, ga shi ko barcin kirki ba na yi.