Lokacin da kuka kusa ajiye alƙalami, wa ya riƙe hannunku?

'Yar Badarawa: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena marubuta. Wata uku ke nan ina sakin wani labari shafi-shafi a zaurenmu na WhatsApp, yanzu na kai shafi na 23, kuma tun daga wajen shafi na 15 sharhi ya ɗauke ɗif, ko da yake ina ganin alamar mutane suna buɗewa. Jiya da dare na riƙe wayata da niyyar goge labarin gaba ɗaya, sai na ga gara in fara tambayar waɗanda suka riga ni. Duk wanda ya taɓa zuwa wannan gaɓa, don Allah ya ba mu labarin abin da wani ɗan'uwa marubuci ya yi masa har ya ci gaba.

Maman 'Yan Biyu, Kawo: Wa alaikumus salam, ƙanwata, kada ki goge. A ƙarshen watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomin jihar nan ta Kaduna saboda matsalar tsaro, ina zaune da maigidana a Birnin Gwari, kuma ina tsakiyar wani littafi da mutane suka riga suka biya kuɗin karantawa. Ba kira, ba saƙo, ba hanyar da zan ba su haƙuri. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kada a ce na karɓi kuɗin jama'a na gudu.

Na koma rubutu da biro a littafin makarantar yarana. Ranar da ƙanen maigidana zai shigo Kaduna, a lokacin da kowa ya san halin da hanyar take ciki, na naɗe shafuka goma sha ɗaya a leda, na rubuta lambar wata marubuciya da ke Tudun Wada a bayan takardar, wadda ko fuskarta ban taɓa gani ba, iyakarmu gaisuwa a ƙungiya. Baiwar Allah nan ta hau Keke Napep ta je Mando ta karɓa da kanta, ta zauna ta buga su a wayarta harafi bayan harafi, ta saki da sunana, ta kuma yi wa masu karatu bayanin halin da nake ciki. Sau uku muka yi haka kafin a dawo da layin a ƙarshen Nuwamba. Da wayata ta kama, na tarar har inda rubutun hannuna ya gagare ta karantawa ta sa alama ta bar gurbi, ba ta cusa kalmarta a bakina ba. Na nemi ta karɓi wani abu daga kuɗin littafin, ta ce in sayo wa 'yan biyu madara. Har yau takardun suna wurinta, da tabon manja a gefen shafi na huɗu.

Malamin Hausa, Tudun Nupawa: Allah ya saka wa wannan baiwa tasa da alheri. Ni kuma abin da ya riƙe ni gyara ne, ko da yake da farko gyaran ne ya kusa kore ni. Na saki gajeren labarina na farko a Facebook, sai wani ya shigo bainar jama'a ya jero kurakuraina ɗaya bayan ɗaya, ya rufe da cewa abin kunya ne a ce mai koyar da Hausa ne ya rubuta. Mako biyu ban sake buɗe shafin ba. Daga baya wani dattijo a cikin marubutan ya neme ni ta saƙon sirri, ya fara da ambaton wata jimla da ya ce ta tsaya masa a rai, wadda na siffanta yadda ƙurar hunturu ke kwanciya a kan tiren mai tsire, sannan ya ce, "Malam, bari mu duba wasu 'yan wurare tare." Kurakuran da na farkon ya faɗa su ne dai shi ma ya nuna mini: ina haɗe "ya ce" ya zama "yace", "shi ne" ya zama "shine", ina raba "gidansa" gida biyu, kuma saboda gaggawar bugawa a waya ina barin ƙugiya, har baƙi suka koma baki, faɗa ya koma fada, labarin rikici ya zama kamar a gaban sarki ake yinsa.

Na daɗe ina tunani a kan wannan. Tun gasar rubutun da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, littattafan Hausa na farko ba su isa hannun mai karatu ba sai da suka bi ta hannun mai tacewa. Ko a zamanin adabin kasuwar Kano, wato ƙananan littattafan labarai da ake bugawa ana sayarwa a kasuwa, rubutu yakan ratsa ta wurin mai buga tafireta da maɗaba'a, wani ido ya gani kafin ya fita. Yau kuwa daga babban yatsan marubuci sai idon mai karatu, babu kowa a tsakani. Saboda haka a ganina aikin tacewar nan ya dawo wuyanmu mu 'yan zaure, kuma wanda ya rubuta mini "Ma sha Allah, ci gaba" bai karanta ba, bai kai wanda ya ɓata minti talatin yana nuna mini inda na kauce ƙaunata ba. Ɗiyata, ki nemi mutum ɗaya da zai karanta daga shafi na 15 zuwa na 23 da idon basira, ya fi miki sharhi ɗari.

Ummu Sadik, Rigasa: Malam, ina neman afuwa, amma ban yarda a rage wa gajeren yabo daraja ba. Lokacin da mahaifiyata ta rasu na yi wata biyar ban rubuta ko layi ɗaya ba, kuma abin da ya dawo da ni saƙon wata yarinya ne da take turo mini duk ranar Juma'a: "Anti, muna nan muna jira, ba gaggawa." Ba ta san ƙa'idar rubutu ba, amma ba ta taɓa fashi ba.

Malamin Hausa, Tudun Nupawa: Gaskiyarki, Hajiya, Allah ya jiƙan Mama. Wannan yarinya ta san da ke, ta kuma san halin da kike ciki. Wanda nake kuka da shi yabon da ake mannawa a ƙarƙashin kowane rubutu ne ba tare da an duba ba.

Anti Nas, Unguwar Rimi: Ni tawa ta shafi gasa ce. Mu uku muka yi niyyar shiga Hikayata, gasar gajerun labarai da BBC Hausa ta fara shirya wa mata a 2016, kuma duk da cewa kowaccenmu abokiyar takarar 'yar'uwarta ce, muka amince mu karanta wa juna. Labarina ya haura kalmomi 2,000, alhali ba a yarda a wuce 1,500 ba, kuma duk sakin layin da na duba sai in ji kamar ɗana ne. Wata Asabar suka zo gidana bayan na sauko daga aikin dare, muka baje a tabarma da fulas ɗin shayi, ɗayarsu ta karanta labarin da ƙarfi, duk inda ta ga ɗayar ta fara duba waya sai ta ja layi ta ce nan ne mai karatu zai gaji. Shafin farko gaba ɗaya, wanda na cika da bayanin asalin dangin tauraruwar, suka sa na cire, na cire ina ƙunƙuni. Babu wadda ta yi nasara a cikinmu a shekarar, amma tun daga ranar ban ƙara sakin rubutu ba sai na karanta shi da ƙarfi a gaban wani, ko da ta saƙon murya ne. Ƙanwata ta Badarawa, ki turo mini shafukan nan tara, gobe ina hutu.

Ɗan Hayin Banki: An taɓa kwashe littafina aka cire sunana aka riƙa yawo da shi a wasu zaurukan. Ban ma sani ba sai da 'yan ƙungiyarmu suka bi duk inda suka gan shi, suna ajiye hoton shafin farko mai ɗauke da sunana da ranar da na fara saki, har masu kula da zaurukan suka sauke shi. Tun daga nan nake saka sunana a tsakiyar kowane shafi.

'Yar Badarawa: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti Nas ba ta ma jira gobe ba, ta karanta a daren jiya, ta turo mini saƙon murya na minti goma sha biyu. Ta ce tun daga shafi na 16 na bar tauraruwar zaune a ɗaki tana tunani har tsawon shafuka biyar, babu abin da ya same ta, babu abin da ta aikata, kuma da na koma na duba na ga haka ɗin ne. Zan dunƙule shafukan biyar su zama biyu. Malam, idan ba damuwa zan turo maka su ka duba mini ƙugiya da rabon kalmomi kafin in saki ranar Juma'a bayan sallar isha'i, in sha Allahu.