Jirgin ƙarƙashin teku na Turkiyya: nasu ne ko na Jamus?

Dan_Fagge:
Salam 'yan uwa. Na ga bidiyon jirgin yaƙi mai nutso na Turkiyya, Piri Reis, wanda aka miƙa wa sojan ruwansu a watan Agusta 2024, ana ta cewa ƙirar gida ce amma wani abokina ya ce zanen Jamusawa ne kawai aka harhaɗa a can. To wai me kamfanonin Turkiyya suka yi a ciki da hannunsu? Masana a taimaka don Allah.

Injiniya_Kd:
Wa alaikumus salam. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Zanen na Jamus ne, samfurin da ake kira Type 214, an sa hannu a yarjejeniya a 2009 kan jirage 6, amma a tashar ƙera jirage ta Gölcük ake gina su duka, ma'aikatan Turkiyya ne ke walda da haɗa gangar jikin, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne domin ƙarfen zai sha matsin ruwa mai tsanani, kuskuren walda guda ɗaya ya isa ya hallaka kowa a ciki. Sannan cikin kamfanonin Turkiyya, Havelsan da Aselsan suna da hannu a na'urorin kwamfuta da lantarki, Roketsan ta ƙera makamin nan Akya da ake harbawa a ƙarƙashin ruwa, ita kuma STM ta sa an ƙera sashen gaba mai ɗauke da bututun harba makaman na wasu daga cikin jiragen a cikin gida. Na'urar da ke ba jirgin wuta ya daɗe a ƙasa ba tare da ya leƙo shan iska ba, ita kam daga Jamus take.

Maman_Hanan:
To Injiniya in dai abin da ya fi wahala daga waje yake zuwa ai har yanzu wuyansu na hannun Jamus kenan ko? Ranar da aka ɓata a siyasa a hana su kayan gyara fa?

Injiniya_Kd:
Haka ne Hajiya, shi ya sa suka taso da shirin MİLDEN, su zana nasu daga tushe. Amma ki duba tun yaushe suka faro, Gölcük tana gina jiragen Jamus samfurin 209 tun shekaru sama da 40 da suka wuce. A hankali ake karɓe aikin, yau waya da bawul, gobe baturi da manhaja.

Bakatsine:
Koriya ta Kudu ma haka ta bi, na farkonsu a Jamus aka gina shi, sauran kamfanin Daewoo ya gina a gida, ga shi a 2021 sun miƙa wa sojan ruwansu jirgin Dosan Ahn Changho zanen kansu, har Indunusiya ta sayi jirage 3 a wajensu. Ni abin da na fi dubawa shi ne ƙananan masana'antu, masu yin famfo da bututu da kebul, domin jirgi zai yi shekara 30 ko fiye yana aiki kuma duk tsawon lokacin nan gyara yake so, in kayan gyaran na gida ne kuɗin a gida zai tsaya, matasa su samu sana'a. Indiya ta gina jirage 6 samfurin Kalvari a Mumbai da zanen Faransa, ta sha jinkiri na shekaru, amma yanzu tana da maƙeran da suka iya aikin.

Dan_Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Injiniya, shi ƙarfen gangar jikin fa, a Turkiyya ake narka shi ko shigo da shi ake yi?