In sayar da motar in sayi mashin, ko in mayar da ita mai gas?

Ɗan Hotoro:
Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema don Allah. Ina da Honda Accord wadda ake kira EOD, ma'aikacin gwamnati ne ni a nan Kano, yara na makaranta, kuma wallahi motar nan ta fara fin ƙarfina. Kafin 29 ga Mayun 2023 da Tinubu ya ce an cire tallafin mai, litar fetur tana wajen naira 185 zuwa 195, tankina lita 65 ne, dubu goma sha biyu da 'yan kai na cika shi fal. A satin nan ta koma 540, a Yuli ta wuce 600, zuwa Oktoban 2024 ta haura dubu, wato cika tanki ɗaya ya kusa cinye mafi ƙarancin albashin da aka sa hannu a kai na dubu 70. Ko da ya ɗan sauko daga baya ai bai dawo inda talaka zai numfasa ba. Yanzu na dubu biyar nake sha, allurar ko motsi ba ta yi, ga baƙin mai ga taya ga inshora da ta tashi daga dubu 5 zuwa dubu 15. Maiɗakina ta ce kar in sayar saboda yara da asibiti cikin dare, ni kuma ina ganin ko in sayi mashin in huta, wani abokin aikina kuma ya ce in kai a sa mata tukunyar gas. Waɗanda suka gwada ku faɗa min gaskiya.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka yi maganar sayarwa ka fara gaya min, EOD ɗin mai silinda huɗu ce ko V6? In V6 ce kuma cikin gari kake yawo da ita to wannan kam sai haƙuri. In huɗu ce bai kamata ta dinga shan mai kamar yadda kake faɗa ba, kuma yawancin motocin da ake kawo min da kukan shan mai hannu ne ya ɓata su. Mota ta ɗan yi zafi sai a cire tamostat, mai daidaita zafin inji, a jefar a haɗa fanka dairek, to inji ba zai taɓa kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi ba, kwamfutar motar tana ɗauka har yanzu da sanyi sai ta yi ta ƙara mai. Sannan ka sa a ɗaga ta a leƙa salansa a ga ko indomin, wato abin nan mai tace hayaƙi, yana nan, don ana farke salansa a kwashe shi a sayar a walde wajen, mai mota bai sani ba sai dai ya ji ƙara ta canja da warin hayaƙi. Ka duba sensar iskar da ke jikin salansar ita ma, da filogi, da fitilar cek inji in tana kunne kar ka bari a liƙe ta da baƙin salatif, a sa mata kwamfuta a karanta. Iskar taya kuma ka dinga tsayawa wajen mai faci yana gwadawa, taya mai laushi mai take ci a hankali ba ka sani ba. Kuma don Allah masu sakin mota a firi a gangara ku daina, a motar injekta ba abin da kuke ragewa sai hatsari da kuke jawo wa kanku.

Maman 'Yan Biyu:
Yaya ka ji maganar matarka. Mashin ba zai ɗauki yara da jakunkunansu da damina ba, in ka koma Adaidaita Sahu safe da yamma kai da su ka lissafa a wata ka gani, su ma ai man suke saya. Mu a layinmu gida uku muka haɗa kai, kowa da satin da zai kai yaran duka ya ɗauko su, motarmu sai ta yi sati biyu ba ta je makaranta ba. Abin da ya fi damuna shi ne zumunci da ya ja baya, da duk ƙarshen wata muna zuwa gaida Hajiyarmu a Katsina, yanzu sai waya, in an yi rasuwa ma sai mutum ya tsaya lissafin mai kafin ya tashi, wannan abin yana min ciwo ƙwarai.

Direban Kawo:
Ni na mayar da tawa gas, haya nake yi Kaduna zuwa Abuja, kuma ban yi nadama ba don abin da nake kashewa a hanya ya ragu sosai. Amma ni kullum ina kan titi shi ya sa kuɗin juyawar ya fita da wuri, kai da za ka je ofis ka dawo sai ka daɗe ba ka mayar da kuɗinka ba. Tukunyar tana cinye rabin but, motar tana ɗan rage ƙarfi a hawa, kuma ba za ka rabu da fetur gaba ɗaya ba don da shi take tashi. Babbar matsalar ita ce wajen sha, gidajen gas ɗin ba su da yawa a Arewa, a tirela ake kawo shi, ranar da bai iso ba sai ka ga layi har titi. Sai bututun AKK mai kilomita 614 daga Ajaokuta ya bi Kaduna ya iso Kano da gas sannan za a samu sauƙi na gaske. Abu ɗaya da nake roƙonka, CNG, wato gas ɗin mota, daban gas ɗin girki daban, matsinsa ya kai 200 a ma'aunin "bar", kar ka yarda mai walda ya haɗa maka tukunya don araha. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas a Benin ta jihar Edo saboda tukunyar haɗin gida, mutane suka ji munanan raunuka. In za ka yi ka je cibiyar da gwamnati ta amince da ita.

Ɗan Maraɗi:
Mu ma nan abin ya taɓa mu. Da man Najeriya muke sha wajen 'yan ruwa-ruwa a kwalabe bakin hanya, da aka cire tallafinku sai kowa ya koma gidan mai, matatar Zinder kuwa ganga dubu 20 take tacewa a rana, ta kasa ɗaukar kowa, har aka yi ƙarancin mai a Maris 2025. An rage muna lita daga sefa 540 zuwa 499 a 2024, amma in ka canja shi zuwa naira ba wata araha ba ce. Allah shi kawo muna sauƙi baki ɗaya.

Ɗan Hotoro:
Amin, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Oga bakanike mai huɗu ce, kuma tabbas fankar tana tashi da zarar na murɗa makulli, haka na saye ta. Zan fara da gyaran nan, maganar haɗa yara kuma zan tuntuɓi maƙwabta a masallaci yau. Tamostat ɗin sabo zan nema ko na Beljiyam ya isa?

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Sabo ka saya na asali, ba shi da tsadar da za ka yi kasada da tsoho. A mayar da fankar kan rile ɗinta, a wanke lagireto a zuba ruwan kulan ba ruwan rijiya ba, in an gama ka cika tanki ka rubuta kilomita, sai ka dawo nan ka faɗa mana nawa ta yi kafin ka sake sha.