Nitrous don tada turbo: shawarwarin makanikan Garwa

Matsalar da makanikai suka tattauna a wani gareji a Garwa ta Kamaru ita ce jinkirin babban turbo, na'urar da ke cusa wa injin motar tsere ƙarin iska. Hayaƙin salansa ke juya shi, a layin tashi kuwa hayaƙin bai taka kara ya karya ba, ga tseren mita 402 ne kacal. Nitrous, wato iskar gas da ake fesa wa inji don ƙara masa ƙarfi, na da iskar oksijin kusan kashi 36 cikin ɗari bisa nauyi, iskar gari kuwa 23, don haka fesa kaɗan ke ƙara wuta da hayaƙi, turbo ya ɗauka nan take.

Bakinsu ya zo ɗaya a kan farawa da ƙarami, kamar ƙarfin doki 50, tare da ƙarin mai. In aka fesa nitrous ba ƙarin mai, fistan ne zai narke. A ja tayimin (lokacin da fulogi ke ba da wuta) baya, a sa fulogi mai sanyi, wato mai saurin fitar da zafi, kada a fesa ƙasa da juyi 3,000 a minti, a kuma haɗa makunnin da zai yanke nitrous ɗin da zarar turbo ya kama. Man zuwa-zuwa na kwalaben bakin titi, an ce ko kusa.

Inda aka fi daɗewa shi ne zafi, kuma a ganina nan ne hatsarinmu. Ana son tukunyar nitrous ta tsaya wajen psi 950 a ma'aunin matsi, amma da ta wuce digiri 36 nitrous ya daina zama ruwa, matsi ya haura, awon ya rikice. Garwa kuwa a watan Afrilu tana wuce 40. Wani dattijon makaniki ya ce wa yaransa: “Ku ajiye ta a inuwa, ku rufa mata jiƙaƙƙen tsumma, ku duba agogon matsi kafin kowane tashi.”