An ba ƙanwata goyon bayan cire tallafin mai a muhawara, in biya malami ko mu shirya da kanmu?

Maman Ilham: Salam jama'a. Ƙanwata tana SS2, saura sati biyu gasar muhawara, taken wai cire tallafin fetur alheri ne kuma ita aka ba goyon baya, alhali kullum a gida kukan kuɗin mota muke. Wani malami ya ce dubu 15 zai rubuta mata ya horar da ita. Minti biyar ne kowa. In biya?

Ɗan Fagge: Dubu 15 kuma? Mu dubu 5 muka bayar bara har da firintin.

Hajjo: Dubu 5 ɗin yaushe, namu 20 ya karɓa kuma bai zo ranar ba.

Malam Sani: Kar ta haddace rubutun kowa, ana katse ta sau ɗaya komai ya zube. Ta fara shirya hujjar abokan hamayya. Tabbas za su kawo 2012 da Shugaba Jonathan ya cire tallafi ya kai lita naira 141 daga 65, aka yi zanga-zanga ya dawo da ita 97. Ita ta riƙe fasa-ƙwaurin mai zuwa Nijar da Kamaru, da kason jihohi da ya ƙaru bayan cire tallafin ranar 29 ga Mayu 2023.

Abu Turab: Wallahi duk wahalar banza ce. Wata guda muna shiri, babana ya sayar da buhun masara ya ɗinka min sabon yunifom, na kawo alƙaluma na kawo shekaru, yaron wata makarantar kuɗi ya tashi ba hujja ko ɗaya sai lanƙwasa harshe, alƙalai suka ba shi. Har yau in na tuna yadda malaminmu ya yi shiru a cikin mota raina ɓaci yake.

Malam Sani: Allah ya huci zuciyarka, amma akwai maki na iya gabatarwa, ba hujja kaɗai ba.

Abu Turab: Malam kai alƙalanci ka yi, ba ka taɓa tsayawa gwiwa na rawa ba.

Ɗan Fagge: Ta dai je a ƙafa ranar, kar direban adaidaita ya ji abin da za ta kare 😂

Hajjo: Ni abin da ke ci min rai, me ya sa ba a yi da Hausa? Yaranmu sun fi kowa hujja a tsakar gida, ana cewa Turanci sai baki ya mutu.

Maman Ilham: To malamin fa, in biya ko a'a? Gobe ya ce in ba shi amsa.